Iyakance ikon wakilan ƙirƙirarriyar basira a manhajojin zana allon lantarki

Allon lantarki shi ne ɗan faifan nan, galibi kore, da ke cikin wayar salula da na'urar POS da cajar waya. A kansa ake shimfiɗa siraran layukan tagulla masu haɗa sassan na'ura. Injiniyoyi na zana shi da manhajoji irin su KiCad, wadda Jean-Pierre Charras ya fara a Faransa a 1992, da Altium Designer, wadda kamfanin Renesas na Japan ya sayi masu yin ta a 2024.

Wakilin ƙirƙirarriyar basira kuwa manhaja ce da aikinta bai tsaya ga amsa tambaya ba. Tana iya buɗe fayil, ta sauya shi, ta kuma aika da shi. Tun da kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP a Nuwamban 2024, haɗa irin waɗannan wakilai da manhajojin aiki ya ƙara sauƙi, har da na zanen allo.

Dalilan sanya iyaka

Na farko shi ne tsadar kuskure. Da zarar an aika wa masana'anta fayilolin Gerber, wato zanen ƙarshe da ake ƙera allo da shi, gyara ya wuce. Layin da ya yi siriri ga wutar da zai ɗauka yakan yi zafi har ya ƙone, asarar kuma ta faɗa kan ɗan kasuwa da mai saye.

Na biyu sirri ne. Zane dukiyar kamfani ce, kuma a Amurka dokokin ITAR sun hana fitar da bayanan ƙera kayan soja ba tare da lasisi ba. Na uku yaudara ce: ana iya ɓoye umarni a cikin takardar bayanin wani sashe, wakilin ya karanta ya bi, kamar daga injiniya ya fito.

Hanyoyin da ake bi

Tushensu shi ne ƙa'idar da Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka bayyana a 1975, cewa kada a ba kowace manhaja iko fiye da abin da aikinta ke buƙata.

Saboda haka akan fara da izinin karatu kawai, wakili ya duba zane ya ba da shawara. Idan za a bar shi ya yi gyara, a kan kwafi zai yi, a kuma adana kowane sauyi da manhaja irin ta Git domin a iya komawa baya. Akan ba shi mabuɗin shiga nasa na daban, wanda za a iya sokewa nan take, a taƙaita masa intanet, a riƙa rubuta duk umarnin da ya aiwatar.

Bayan gyara sai binciken ƙa'idojin zane, wanda ake kira DRC, mai auna tazarar layuka da faɗinsu. Sai dai binciken ba ya tabbatar da cewa na'urar za ta yi aikin da aka nufa. Shi ya sa aikawa masana'anta da sayen sassa suka cancanci zama a hannun injiniya, domin shi ne zai amsa tambaya idan kaya suka lalace.