Babbar Majami'ar Yahudawa ta Sardisu

Mun san Sardisu daga Wahayin Yahaya sura 3, ɗaya ce cikin ikkilisiyoyi bakwai na Asiya. Kangon birnin yana yammacin ƙasar Turkiyya, kusa da ƙauyen Sart. A shekara ta 1962 masu tonon ƙasa daga jami'o'in Harvard da Cornell na Amurka suka gano majami'ar Yahudawa a can. Har yanzu ba a tono wata ta zamanin dā da ta kai ta girma ba.

Yahudawa sun daɗe a yankin. Marubucin tarihi Yusufus ya ce Sarki Antiyakus na Uku ya zaunar da iyalan Yahudawa 2,000 a Lidiya da Firijiya, wajen shekara 200 kafin haihuwar Almasihu.

Yawancin masana suna ganin ginin ya sami kamanninsa na ƙarshe a ƙarni na 4. Mai shiga yakan fara ratsa fili mai ginshiƙai, da kwanon ruwa na marmara a tsakiya. Daga nan sai babban zaure, tsawonsa ya wuce mita 50, yana iya ɗaukar mutum kamar 1,000. An yi wa daɓen ado da ƙananan duwatsu masu launi. A bangon gabas, wajen Urushalima, akwai ma'ajiyai biyu. A yamma kuma ga teburin dutse mai siffar gaggafa a ƙafafunsa, da kujerun dattawa hawa uku. An sami rubuce-rubuce fiye da 80, galibi da Helenanci, masu ɗauke da sunayen waɗanda suka ba da gudummawa.

Zaman birnin bai rasa gardama ba. Tun ƙarni na 2, Melito, bishop na Sardisu, ya yi wa Yahudawa kakkausan wa'azi. Duk da haka, a jikin bangon kudu na majami'ar akwai jerin shaguna. A wasu an tarar da alamar gicciye, a wasu kuma alkukin Yahudawa mai rassa bakwai. Wato Kirista da Bayahude suna ciniki ƙofa da ƙofa. Wajen shekara ta 616, lokacin yaƙin Farisa, wuta ta cinye shagunan, ba ta tambayi addinin kowa ba.

'Yan'uwa, mu da muka ga yadda unguwannin Jos suka rarrabu tun rikicin 2001 mun san darajar wannan. Bangaskiyarmu ba ta hana mu riƙe maƙwabci da amana, a gida ko a kasuwa.