Alƙur'ani a huɗubobin farkon Musulunci

Masu huɗuba na ƙarnin farko na Hijira sukan saƙa Alƙur'ani cikin zancensu, wani lokaci aya sukutum, wani lokaci lafazinta kawai ba tare da an ce aya ce ba, salon da malaman balaga ke kira iƙtibasi. Ranar wafatin Annabi (SAW) a shekarar 632 Miladiyya, Sayyidina Abubakar ya kwantar da hankalin jama'ar Madina da aya ta 144 ta Suratu Ali Imrana, har wasu suka ji kamar ranar aka saukar da ita. Malamin adabi Jahiz ya ruwaito cewa huɗubar da ba a ƙawata da Alƙur'ani da salati ba ana kiranta shauha'u, wato mummuna. Rufe huɗubar Juma'a da aya ta 90 ta Suratun Nahli kuwa, ana jingina shi ga Umaru ɗan Abdul'aziz.