Masu gudun Damagaram da ba a yi wa kiɗa

Daga Damagaram zuwa Kano tafiyar kilomita wajen 240 ce, kuma kafin mota ta shigo ƙasar nan ƙafa ce ta fi cin wannan hanya. Fatake na biye da jakunansu, 'yan alaro da kaya a ka, manzo da wasiƙa cikin gafaka. Sarki Tanimun, wanda ya shekara wajen talatin bisa gado har rasuwarsa a 1884, ya zagaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera masa igwa, ayarin Tarabulus da na Agadas suna sauke kaya a Zango. Mulki mai faɗi haka sai da labari mai sauri, kuma ba kowane saƙo ake ɗaura wa doki sirdi ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai cikin mutanen ƙafa shi ne zagi. Duk mai zuwa kallon hawan salla a ƙofar fada ya san shi, yana gaban dokin sarki, doki ya yi taku ya yi taku, doki ya ɗau sassarfa shi ma ya ɗauka. A yau tafiyar ba ta wuce daga idi zuwa fada. A da kuwa, in sarki ya fita rangadi ko yaƙi, haka zagi zai yini cikin rairayi da rana, ya iso masauki ya riƙe likkafa ubangijinsa ya sauka. Kakaki da algaita na sarki ne, kirari na barade ne. Ƙasar da ake yabon namiji da cewa ba ya gudu, ba ta tanadar wa mai ƙafa ko ganga ɗaya ba.

Gudu don gasa, mai alamar tashi da ta ƙarewa da agogo a hannu, ya biyo Nasara ne. Faransawa sun ci Damagaram a Tirmini cikin Yulin 1899, zamanin Ahmadu Kuran Daga, garin kuma ya zama hedkwatar mulkinsu a Nijar daga 1911 har aka mayar da ita Yamai a 1926. Ta ƙofa biyu gudun ya shigo, bariki da lakwal. Soji na gudu don horo, 'yan lakwal na gudu don mushe ya ba da maki. Har gobe mafi yawan masu gudun nesa da za ka gani a garin nan daga waɗannan gidaje biyu suke fitowa.

Bayan 'yancin kai, kokowa ce ta samu gata. An fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, tana zagaya jihohi, kuma filin kokowar Damagaram yana ɗauke da sunan Langa-Langa, ɗan kokowa. Ba na baƙin ciki da wannan ko kaɗan, kokowa tamu ce. Amma a duba abin da ɗan kokowa ke da shi: makaɗi, maroƙi, cali-cali mai ba da dariya, rediyo mai faɗin sunan ƙauyensu da na ubansa. Kafin a kama, ɗan kallo ya riga ya zaɓi nasa.

Mai gudu sai bayan la'asar sakaliya yake fitowa, don a watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Nakan zauna a gefen filin wasa in kalle su. 'Yan ƙwallo sun cinye tsakiya, su kuma suna zagaye ta baki, wani da takalmin gwanjo da ya ɗinke da zaren lilo, mai horar da su riƙe da usur. Tseren mita 5,000 zagaye goma sha biyu da rabi ne. Da farko a dunƙule suke tafiya, kamar garken da aka kora rijiya. Sai wajen zagaye na bakwai ake gane wanda ya yi shiri: wani ƙato ya ja gaba yana shan iska, wani siririn yaro ya laɓe a bayan kafaɗarsa, bakinsa a rufe, hannuwansa ba sa wuce ƙirji. Na gaba ya fara waiwaye, kuma mai waiwaye ya gaji. Saura zagaye ɗaya yaron ya fito ta dama ya wuce. Wannan dabara ce tsantsa, daidai da ta ɗan kokowa mai jiran abokin karawarsa ya ɗaga ƙafa. Masu kallo ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma babu wanda ya faɗa musu sunan yaron.

Habasha ta nuna abin da mai ƙafar fada zai iya. Abebe Bikila sojan tsaron Sarki Haile Selassie ne, ya ci gudun fanfalaki na kilomita 42 a gasar Olamfik ta Rum a 1960 ba takalmi, ya sake ci a Tokyo a 1964, shekarar da Nijar ta fara halartar gasar. Gaskiya ne 'yan Habasha da 'yan Kenya suna horo a tsaunukan da suka haura mita 2,000, abin da ba mu da shi a nan Damagaram. Lambobinmu biyu na Olamfik ma daga faɗa suka zo: tagullar Issaka Dabore a dambe a 1972, da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a tekwando a 2016. Duk da haka Abdou Manzo ya ɗauki tutar Nijar a gudun fanfalaki a Seoul a 1988, kuma yara nawa ne a Birni ko Sabon Gari suka taɓa jin sunansa?

Roƙona ga fada da hukumar wasanni ta jiha ba mai tsada ba ne. Daga Mirya zuwa Damagaram kilomita 18 ne. A sa tsere a kan wannan hanya da yammacin ranar hawa, a ƙare shi a ƙofar fada inda jama'a suka riga suka taru, a kira makaɗa su koyi sunayen yaran, zagagen sarki su tarbi wanda ya fara isowa.