Abincin jinya: Me za a ba wanda haɗiya ke yi wa wuya?

Ga marasa lafiya da dama, ranar da aka sallame su daga asibiti ita ce ranar da wata sabuwar jinya take farawa, domin daga nan abin da za su ci ya koma hannun mutanen gida.

A jihar Zamfara, akan yi ayyukan tiyata da dama a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Wanda kuma cutarsa ke buƙatar gashi da na'ura, kamar masu ciwon daji, akan tura shi asibitocin koyarwa: ko ya bi ta Bunguɗu zuwa Sakkwato, ko ya bi ta Tsafe da Funtuwa zuwa Zariya. Ko ta wace hanya ya dawo, sau da yawa yakan iso gida da rama, da baki mai ciwo, da maƙogwaron da ba ya karɓar tuwo.

Abin da aka saba shi ne a dama masa koko. Koko safe, koko rana, koko dare. Ba laifi ba ne, amma kokon da aka tsinka mafi yawansa ruwa ne. Yana cika ciki ba tare da ya ba jiki abin da zai haɗe rauni ba.

Ba matsala ɗaya ba ce

Dalilan da kan hana mutum haɗiya sun bambanta, abincin da ya dace da su ma haka.

Wanda ake yi wa gashi a kai ko a wuya yakan fara jin zafin baki da maƙogwaro daga mako na biyu ko na uku, kuma ciwon kan ci gaba har wasu makonni bayan an gama. Yawu yakan ƙafe, ɗanɗano ya canza. Magungunan ciwon daji da ake sawa ta jijiya su ma sukan kawo gyambo a baki. Irin wannan maras lafiya yana iya haɗiya, zafi ne ke hana shi. Haka wanda aka yi wa aiki a maƙogwaro ko aka cire masa haƙori.

Akwai kuma yaran da suka kamu da cutar noma, wadda ake kira zaizayar baki. Asibitin da aka keɓe mata a Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, yana karɓar yara daga Zamfara, kuma a watan Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Wasu daga cikin yaran muƙamuƙinsu kan ɗaure, ba sa iya buɗe baki sosai balle tauna.

Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki daban yake da duk waɗannan. Shi ba zafi yake ji ba. Jijiyoyin da ke sarrafa haɗiya ne suka yi rauni. Kimanin rabin masu wannan lalura sukan fuskanci haka a kwanakin farko. A nan ne mai jinya yake yin kuskure da kyakkyawar niyya: yana ganin ruwa da shayi da tsinkakken koko su ne mafi sauƙi, alhali su suka fi saurin zarcewa hanyar numfashi su faɗa huhu, su haddasa ciwon da kan iya kisa. Wani lokaci ma ba tare da maras lafiyar ya yi tari ba.

Kauri nawa?

A 2015 ƙwararru daga ƙasashe daban-daban suka fitar da wani ma'auni da ake kira IDDSI, wanda ya kasa abinci da abin sha zuwa matakai 8, daga 0, wato ruwa zalla, zuwa 7, abincin yau da kullum. Likita ne ya kamata ya faɗi matakin da ya dace da mutum, kuma ya kyautu a tambaye shi tun kafin a bar asibiti.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ma'aunin ana iya yin sa da cokali a kowane gida. Abinci mai kauri da ba ya buƙatar tauna zai zauna a kan cokali bai zube ba, idan aka karkata cokalin kuma sai ya sulɓe gaba ɗaya bai manne ba. Wanda ya manne kamar ƙullun tuwo ya yi tauri. Haka nan abincin da ya haɗa ruwa da gudaji a loma guda, kamar furar da ba ta damu ba ko romo mai ƙananan yankan nama, yana da haɗari ga mai raunin haɗiya.

Abin da ke cikin rumbu

Gero da dawa da wake da gyaɗa da waken suya duk ana noma su a yankin Tsafe da Bunguɗu, kuma su ne tushen abincin jinya mai kyau.

Kunun gyaɗa ya fi koko nesa ba kusa ba, domin kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na gyaɗa sinadarin gina jiki ne, ga kuma mai. A dai tsince wadda ta yi fumfuna a zubar. Idan koko ne ya samu, a ƙara masa madara ko garin waken suya da aka soya, da cokali guda na man gyaɗa. Wannan cokalin kaɗai yana ƙara masa ƙarfi sosai ba tare da ya ƙara yawan abin da za a haɗiya ba, kuma ga mai ciwon baki kowace kurɓa aiki ce.

Akwai wata dabara da ta dace da mai ciwon baki. Idan aka dama kunu mai kauri, aka barbaɗa masa ɗan garin tsiron dawa ko na gero yana da ɗumi, sai ya saki da kansa ba tare da an ƙara ruwa ba. A mayar da shi wuta ya sake tafasa kafin a sha. Amma wannan ba na mai shanyewar ɓarin jiki ba ne, wanda kaurin yake buƙata.

Alale mai laushi, faten wake da aka surfe aka cire ɓawon, kabewa ko dankali da aka dafa aka murƙushe, dafaffen ƙwai da aka marmasa cikin miya, ayaba da gwanda nunannu, duk suna shiga. Miyar kuka da ta kuɓewa suna da yauƙin da ke taimaka wa mai busasshen baki, muddin tuwon ya yi ruwa-ruwa kuma lomar ƙarama ce. Nama da kifi a dafa su har su yi lugub, a daka, a tace da rariya saboda ƙashi da ƙaya.

Kindirmo na da amfani, amma wanda ake ba maganin ciwon daji garkuwar jikinsa takan yi ƙasa, don haka a tabbatar an tafasa madarar kafin a yi nonon da ita. Abincin da ya kwana ba a firji ba shi ma a bar wa masu lafiya.

Abin da za a jingine

Hoce, duk da matsayinsa a wurin Zamfarawa, sai ya jira. Haka ƙuli-ƙuli, kilishi, tsire, dambu da soyayyar gyaɗa. Mai gyambo a baki ya guji yaji, da tsamin tsamiya ko lemon tsami, da duk abin da ke da zafin wuta. Masu zuwa dubiya kuwa, waɗanda suka saba riƙo lemon kwalba da balangu, da za su sauya da ƙwai ko madara da sun fi kyautatawa.

Mai ciwon suga ko ciwon ƙoda ba ya bin wannan jeri sai da shawarar likitansa, domin zaƙi da yawan wake da ayaba na iya cutar da shi.

Yadda ake ba da abincin

A zaunar da maras lafiya tsaf, ba a kishingiɗe ba, kuma ya ci gaba da zama na kimanin minti 30 bayan ya gama. A ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini maimakon a cika masa kwano sau uku. Kada a ɗura wa wanda yake gyangyaɗi ko bai gama farfaɗowa ba. Bayan ci a tsabtace baki. Kurkura da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri na rage wa mai gyambo raɗaɗi. Idan an rubuta maganin rage zafi, shan sa kafin lokacin cin abinci yakan sauƙaƙa haɗiyar.

A koma asibiti ba tare da jinkiri ba idan maras lafiya yana ƙwarewa ko tari duk lokacin da ya ci, ko muryarsa ta koma kamar mai ruwa a maƙogwaro, ko zazzaɓi ya taso, ko jini na fita daga wurin da aka yi aiki, ko ya yini bai iya shan komai ba. A wasu lokuta likitoci kan sa siririyar roba ta hanci zuwa ciki domin a ciyar da shi, kuma akan cire ta idan haɗiyar ta dawo.