Surfanin zinariya a kan bishiyar Kirsimeti: tsohuwar sana'ar majami'un Ingila

A cikin watan Disamban kowace shekara, Kiristoci a ƙasashen Turai da Amurka kan ƙawata bishiyar Kirsimeti da fitilu da ƙwallayen gilashi da taurari. Akasarin waɗannan kayayyaki daga masana'antu suke fitowa, musamman ma na birnin Yiwu da ke ƙasar Sin. To sai dai a Birtaniya akwai masu sana'ar allura da zare da suka gwammace su ɗinka nasu da hannu, suna kwaikwayon zane-zane da dabarun surfanin da aka yi wa tufafin majami'u kimanin shekaru 700 da suka gabata.

Abin da suke ɗinkawa bai wuce tafin hannu ba: tauraro, ko kambin sarauta, ko zaki, ko tsuntsu, ko kuma siffar mala'ika kamar yadda Kiristoci ke zana shi. Amma ta wannan ɗan ƙaramin aiki ne mutane da dama ke fara koyon wata sana'a da ta taɓa ɗaukaka sunan Ingila a nahiyar Turai, daga baya kuma ta kusa ɓacewa.

Aikin Ingila

Sunan wannan surfani da harshen Latin shi ne Opus Anglicanum, ma'ana aikin Ingila. Ya kai ƙololuwarsa ne tsakanin shekarar 1250 zuwa 1350, kuma an fi yinsa a birnin Landan. Da zaren siliki da na zinariya da azurfa ake yinsa, a kan lilin ko siliki ko karan-miski, wani lokaci a ƙara da lu'ulu'u da duwatsu masu daraja.

Manyan masu sayensa su ne limaman coci da sarakuna. Ana yi wa limaman wata doguwar riga mai kama da alkyabba, wadda idan aka shimfiɗa ta takan yi siffar rabin da'ira mai faɗin kusan mita uku, a cika ta da hotunan labarin Annabi Isa (AS), wanda Kiristoci ke kira Yesu Almasihu, da mahaifiyarsa Nana Maryam, da waliyyan coci. A zamanin da mafi yawan jama'a ba su iya karatu ba, waɗannan hotuna sun kasance wata hanya ta isar da labarin ga mahalarta ibada.

Marubucin tarihin nan na Ingila, Matthew Paris, ya ruwaito cewa a shekarar 1246 Paparoma Innocent na huɗu ya ga adon zinariya a jikin rigunan limaman Ingila, ya tambayi inda aka yi shi, sannan ya aike da wasiƙu yana neman a samo masa irinsa. Lissafin kayan fadar Paparoma da aka yi a shekarar 1295 ya nuna akwai kayan surfanin Ingila fiye da 100 a taskar, adadin da ya zarce na kowace ƙasa. Har yau ana samun ragowarsu a biranen Bologna da Pienza na Italiya, da Toledo na Sifaniya, har ma da tsibirin Iceland.

Sau da yawa akan ɗauka cewa mata masu zaman zuhudu ne ke wannan aiki a gidajen ibada. Sun yi wani ɓangare nasa, amma takardun tarihi sun nuna cewa galibinsa ƙwararru ne, maza da mata, suka yi shi a shagunansu domin neman abinci. Ɗaya daga cikinsu ita ce Mabel ta garin Bury St Edmunds, wadda sunanta ya fito sau da dama a littattafan kuɗin Sarki Henry na uku daga shekarar 1239. Wani ƙyallen rufe teburin ibada da aka yi wa majami'ar Westminster a wajen shekarar 1271 ya ɗauki mata huɗu kusan shekaru huɗu suna ɗinki, kuma kuɗin zinariya da lu'ulu'un da aka zuba masa ya ninka ladansu sau da yawa.

Dabaru biyu

Dabaru biyu ne suka bambanta aikin Ingila, kuma su ne masu ɗinka kayan adon Kirsimeti ke ƙoƙarin ƙwarewa a kansu.

Ta farko ita ce ɗinkin tsaga. Ana amfani da siririn zaren siliki wanda ba a murɗa ba. Idan aka yi ɗinki ɗaya, sai a fito da allura ta tsakiyarsa, ta tsaga zaren gida biyu, sannan a yi na gaba. Da yake ɗinkin ƙanana ne ƙwarai, layukan kan haɗe su yi sumul tamkar an yi zanen da fenti. Da wannan dabara ake fitar da fuska da gashi da lanƙwasar tufafi. A wajen kumatu, masu aikin kan riƙa zagayawa da ɗinkin daga tsakiya zuwa waje, ta yadda haske zai sauka a kan silikin ya nuna tudun fuskar.

Ta biyu ita ce ɗaurin ƙarƙashi, kuma da ita ake shimfiɗa zinariya. Zaren zinariya na wancan zamani azurfa ce da aka shafa wa ruwan zinariya, aka buge ta ta yi fele-fele, aka yanka siri-siri, aka naɗe a jikin zaren siliki. Yana da tsada, kuma yakan goge idan aka yi ta jan sa ta cikin ƙyalle. Saboda haka sai a kwantar da shi a saman ƙyallen, a fito da zaren lilin mai ƙarfi daga ƙasa, a zarge zinariyar, a mayar da allurar ta ramin da ta fito, a ja har sai ɗan lanƙwason zinariyar ya nutse zuwa baya.

Amfanin hakan biyu ne. Zaren da ya riƙe zinariyar yana ɓoye a baya, don haka ba ya saurin tsinkewa. Sannan kowane ɗauri yakan zama tamkar gaɓa, abin da ke sa rigar ta lanƙwasu a jikin mai sanye da ita, maimakon ta sandare. Ta hanyar tsara wuraren da ake yin ɗaurin kuma, akan fitar da zane a cikin zinariyar kanta, kamar jerin bulo ko ƙashin kifi.

Alaƙa da ƙasashen Musulmi

Ingila ba ta noman siliki a lokacin, don haka fatake ne ke kawo shi daga Italiya da gabashin tekun Bahar Rum da ma nesa da nan. Wata shuɗiyar rigar limami da ake kira rigar Clare, wadda aka yi wa surfani a Ingila tsakanin shekarar 1272 da 1294, masana sun gano cewa a Iran aka saƙa ƙyallenta. A majami'ar garin Fermo na Italiya kuma akwai rigar da ake dangantawa da limamin Canterbury, Thomas Becket, wadda masana suka ce a Andalus aka yi surfaninta.

Har ila yau, alkyabbar Sarki Roger na biyu na Sicily, wadda ke ajiye a birnin Vienna, tana ɗauke da rubutun Larabci na Kufi a gefenta, wanda ya nuna cewa a Palermo aka yi ta a shekara ta 528 bayan Hijira, daidai da 1133 zuwa 1134 miladiyya. Sarakunan Kirista na Turai sun shafe ƙarnoni suna sanya ta a ranar naɗinsu.

Yadda sana'ar ta durƙushe

Annobar da ta shiga Ingila a shekarar 1348 ta hallaka aƙalla kashi ɗaya cikin uku na al'ummar ƙasar, kuma masu sana'a ba su tsira ba. Daga bisani masaƙan Italiya suka cika kasuwa da karan-miski mai ado, masu surfani kuma suka koma ga hanyoyi masu sauri, inda ake ɗaure zinariyar daga sama kawai. Zuwa ƙarni na 15 an daina yayin ɗaurin ƙarƙashi.

Babbar asara ta zo ne a ƙarni na 16. Bayan da Sarki Henry na takwas ya raba gari da fadar Paparoma, ya rufe gidajen masu zaman zuhudu daga shekarar 1536 ya kuma ƙwace dukiyoyinsu. A zamanin ɗansa Edward na shida, 'yan Furotesta masu adawa da hotuna a wuraren ibada suka samu rinjaye. An ƙona riguna da yawa domin a tace zinariya da azurfar da ke jikinsu, wasu kuma aka yayyanka su aka yi matasan kai da labule.

Waɗanda suka tsira, ko dai iyalai 'yan Katolika ne suka ɓoye su, ko kuma suna ƙasashen waje. Alkyabbar Syon, wadda aka yi tsakanin shekarar 1310 da 1320, wasu mata masu zaman zuhudu ne suka yi gudun hijira da ita har zuwa Lisbon, ba ta koma Ingila ba sai a farkon ƙarni na 19. Tana gidan adana kayan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan, wanda daga watan Oktoban 2016 zuwa Fabrairun 2017 ya baje kolin irin waɗannan kayayyaki da aka aro daga ƙasashe daban-daban. Mala'ikun da ke jikinta masu fukafukai shida, da aka yi musu ado irin na gashin ɗawisu, suna daga cikin zanen da masu kayan adon Kirsimeti ke kwaikwaya.

Daga riga zuwa bishiya

Masu surfanin ƙarni na 13 ba su san bishiyar Kirsimeti ba. Al'adar ta samo asali ne daga yankunan masu magana da Jamusanci a ƙarni na 16, kuma wani bayani na shekarar 1605 daga birnin Strasbourg ya nuna ana rataya mata tuffa da furannin takarda da kayan zaƙi. Ta bazu a Birtaniya ne bayan da wata jaridar Landan ta buga hoton Sarauniya Victoria da mijinta Yarima Albert, ɗan asalin Jamus, tare da 'ya'yansu a gaban bishiyar a shekarar 1848.

Haɗa tsofaffin alamomin coci da bishiyar kuwa ya samu karɓuwa a Amurka daga shekarar 1957, lokacin da Frances Kipps Spencer ta ƙera wa majami'arta da ke garin Danville na jihar Virginia wasu kayan ado da ta kira Chrismon. Launi biyu kawai ake yi da su, fari da ruwan zinariya, kuma suna ɗauke da alamomi kamar kifi da kambi da haruffan Girkanci na farkon sunan Almasihu. Majami'u da dama sun ɗauki wannan al'ada, kuma da hannu mabiyansu ke yin kayan, wasu da duwatsun ado, wasu da allura da zare.

Yadda ake ɗinkawa

Mai aikin kan fara da ɗaure ƙyalle a jikin firam na katako har sai ya yi tsam kamar fatar ganga, domin idan ya saki, zinariyar ba za ta kwanta daidai ba. Sai ya sauke zanen a kai, ya cika fuska da tufafi da ɗinkin tsaga, kana ya koma kan zinariya. Inda ake son tudu, kamar kambi ko fiffike, akan jera ƙyallen ulu mai kauri a ƙasa kafin a rufe da zinariya. Akwai kuma wata siririyar waya da aka naɗe ta zama kamar bututu, wadda ake yankawa gutsi-gutsi a zura a allura kamar tsakiya. Zaren da ake ɗaurin da shi akan goga masa kakin zuma don kada ƙarfen ya cinye shi.

Idan an gama, sai a yanke aikin, a naɗe shi a kan kwali, a ɗinka masa bango ta baya, a zagaye bakin da igiyar ado, a bar hanci na ratayewa. Tsafta na da muhimmanci, domin gumin hannu yakan dusashe ƙarfen, don haka ake ajiye kayan a busasshen wuri idan biki ya wuce.

Makomar sana'ar

Cibiyar da ta fi fice wajen koyar da wannan aiki ita ce makarantar Royal School of Needlework, wadda aka kafa a shekarar 1872, take kuma fadar Hampton Court tun daga 1987. Ma'aikatanta ne suka shafe sa'o'i 3,500 suna yi wa alkyabbar naɗin Sarauniya Elizabeth ta biyu surfanin zinariya a shekarar 1953, kuma sun yi aiki a kan kayan naɗin Sarki Charles na uku a 2023. Irin waɗannan manyan ayyuka ba sa zuwa kullum, kuma majami'u ba su da dukiyar da suke da ita a da. Ƙaramin kayan ado kuwa yana buƙatar zare kaɗan, kuma mai koyo zai iya kammala shi ba tare da ya shafe shekaru ba.

Duk da haka akwai sauran ƙalubale. Ƙungiyar Heritage Crafts ta Birtaniya, wadda tun daga shekarar 2017 take fitar da jerin sana'o'in hannu da ke cikin haɗari, ta sanya sana'ar yin zaren zinariya da azurfa cikin masu fuskantar barazanar ɓacewa, saboda ƙarancin waɗanda suka iya ta.

A hannu guda kuma, da dama daga cikin kayan adon surfani da ake sayarwa a shagunan fadoji da manyan majami'un Birtaniya, a Indiya ake ɗinka su, da dabarar da ake kira zardozi, kalmar Farisanci mai ma'anar ɗinkin zinariya. Sana'a ce da ta bunƙasa a fadar sarakunan Mughal, kuma har yanzu ana yin ta a birane kamar Lucknow da Agra, inda da yawa daga cikin masu yin ta Musulmi ne da suka gaje ta daga iyaye da kakanni.