Hausawa a wasan Age of Empires III

Hausawa na ɗaya daga cikin al'ummomin da ake iya zaɓa a Age of Empires III: Definitive Edition, wasan kwamfuta na dabarun yaƙi da gina daula. An saka su a watan Agustan 2021 tare da Habashawa, cikin ƙarin da aka kira The African Royals.

Tsarin duniyar wasan

Wasan ya dunƙule garuruwan Hausa wuri guda. Kano ce babban birni, amma shugabar ita ce Sarauniya Amina ta Zazzau, masarautar da Ikara da Makarfi da Kudan ke ƙarƙashinta a yau. Wannan haɗin bai rasa madogara ba, domin Muhammadu Bello ya rubuta a Infaƙul Maisuri cewa Kano da Katsina sun biya ta haraji. Sai dai ya ɓoye gabar da ta daɗe tsakanin garuruwan, wadda ita ce ta sa aka zagaye su da ganuwa.

Sunayen mayaƙa

Mahayan lifidi sun dace da tarihi: lifidi rigar kariya ce mai cushen auduga da ake sa wa doki da mahayinsa. Maigadi kuwa bai zauna daidai ba. Kalmar gadi aro ce daga Turanci, ba ta kai zamanin Amina ba, ga kuma dogari da barde a harshen. Haka makaɗin wasan, an kira shi griot, sunan da Faransawa suka yaɗa kan mawaƙan ƙasar Mande, alhali Hausa na da maroƙi.

Amina ta sake fitowa cikin shugabannin Civilization VII a 2025.