Zare: Yadda nas-nas suka kai maganin zafin ciwon daji har cikin gida

1/ Jama'a, yau tarihi na kawo muku. A da, idan likita ya ce wa mai ciwon daji "a koma gida", to sai dai ya yi ta murƙususu har rai ya yi halinsa. Ku biyo ni mu ga rawar da ma'aikatan jinya suka taka wajen canja wannan.

2/ Mu fara da Cicely Saunders, 'yar Ingila. Nas ce tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ciwon baya ya raba ta da aikin. Daga baya ta karanci likitanci, ta gama a 1957.

3/ A lokacin, yawanci sai mara lafiya ya yi ihu ake ba shi mofin. Amma a gidan jinya na St Luke's da ke Landan, ta ga ana bayar da maganin a kan lokaci, tun kafin zafin ya dawo. Ta riƙe wannan, ta yi bincike a kai.

4/ A 1967 ta buɗe St Christopher's Hospice a Landan. A 1969 suka fara bin marasa lafiya har gida, saboda da yawa sun fi son kwanciya a ɗakinsu, cikin iyalinsu.

5/ Me nas take yi a gidan? Ta tambayi inda ke ciwo da ƙarfinsa, ta duba ko maganin ya isa, ta koya wa masu jinya ba da shi duk bayan awa 4. Ta magance taurin bayan gida da mofin ke jawowa, ta nuna yadda ake juya mutum kada ya yi gyambon kwanciya.

6/ A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai 3: a fara da irin su farasitamol, sai kodin, in ciwo ya tsananta sai mofin. Ta baki, kuma bisa agogo.

7/ To ta yaya wannan ya iso Afirka? Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a kudu maso gabashin Najeriya, ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993. Suna dama garin mofin da ruwa, ya zama na sha mai araha, nas-nas su kai gidaje.

8/ Sai dai likita ne kawai ke da ikon rubuta shi, likitoci kuwa sun yi ƙaranci a karkara. A 2004 Yuganda ta gyara doka, ta ba nas-nas da suka samu horo na musamman damar rubuta mofin da kansu. Nan fa magani ya isa ƙauye.

9/ Mu nan tsoron shaye-shaye ya kama mu, kuma da dalili. A 2018 Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Amma a ganina, mai ciwon daji da ke kwana yana nishi bai kamata ya biya bashin laifin wasu ba.

10/ In kuna da mara lafiya a gida, ku tambayi asibitinsa ko akwai masu kula da rage raɗaɗi, ko nas da ke zuwa gida. Kada ku sayo magani a kemis ku ƙara masa da kanku. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.